Akwatin Sito da Irin Gyaɗata

Sitonmu na Batsari ba shi da taga ko ɗaya. Da wannan nake fara labarin duk sa'ad da aka tambaye ni, don mai hankali daga nan zai hango sauran. Waɗanda suka gina shi sun zo daga birni cikin fararen motoci, suka auna ƙasa, suka ɗaga kai suka auna rana, suka tayar da gini mai rufin kwano wanda ya fi masallacin unguwar tsayi. Na zaci mantawa suka yi da tagar. Ashe da gangan ne. Wai taga hanyar ɓera ce da ƙwaro, kuma wai ginin nan da kansa zai riƙa numfashi.

Na ce to. Rumbun da na sani tun ina yarinya, na laka mai jinka a ka, bai taɓa jiran wani ya zo daga birni ya koya masa numfashi ba. Amma a wannan lokacin rumbunanmu sun riga sun zama toka, saboda haka na bar su da gininsu.

Ƙauyenmu yana bayan Karare. A shekarun da mutanen daji suka hana mu barci da noma, mun bar shi kamar yadda kowa ya bar nasa, da abin da kai zai iya ɗauka. Maigidana ya riga ya rasu kafin nan, ciwo ne ya ɗauke shi a kan gadonsa, kuma har yau ina ganin wannan sa'a ce ya yi. Wasu mata sun fito da kwanukan jerensu. Ni rabin buhun gyaɗa na ɗauko, da ɓawonta, na iri. Ƙaramar gyaɗa ce, ja, mai yawan mai, ba ta neman ruwa da yawa kafin ta nuna. Daga hannun uwar mijina na karɓe ta, ita kuma daga hannun wadda ta riga ta. Ba a sayar da irinta a kasuwa. In ta ƙare a hannuna, ta ƙare ke nan.

A gari aka ba mu ɗaki ɗaya, mu tara, ban da ɓeraye. Wanda bai taɓa kwana da buhun gyaɗa a ɗakin da ake jin yunwa ba, ba zai gane dalilin da ya sa na kai nawa sito ba. Ba ɓarawo nake tsoro ba. Hannun jikokina nake tsoro, da nawa hannun. Shi ya sa ranar da aka kafa kwamitin sito, ni ce na aika daga bayan zana aka faɗa wa maza cewa a yi doka: buhun iri in ya shiga, ba ya fita sai ruwan shuka ya sauka, ko da mai shi ya zo yana birgima a ƙasa. Aka karɓa, aka ce tsohuwar nan ta yi tunani. Ku riƙe wannan dokar, za ta dawo ta same ni.

Shugaban kwamitin ƙanen mijina ne. An zaɓe shi don ya taɓa yin aikin masinja a sakatariya, kuma yana da biro a aljihun gaba. Shi ya sama mini aikin sharar siton, ba zan ɓoye alherinsa ba.

Na shigo gidansu amarya yana yawo babu wando. Ni na riƙa yi masa wanka, ni na riƙa cire masa ƙaya a ƙafa. Tun ranar da ya iya haɗa magana yake kirana matata, ni kuma ina ce masa mijin banza. Haka ake yi tsakanin mace da ƙanen mijinta, kowa ya sani, amma namu ya wuce na mutane. Sama da shekara arba'in ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. In na ce tuwo ya ƙare, sai ya ce na ɓoye wa saurayina. In ya ce kansa na ciwo, sai in ce ai abin da babu komai a ciki ba ya ciwo. Ranar da aka binne wansa ma, da ya zo yi mini gaisuwa, ya tsuguna ya ce, "To matata, yanzu dai ba ki da inda za ki gudu." Na ce, "Gara in auri turmi." Muka yi kuka tare. Bayan an ƙone gidan, an watse, wannan wasan shi kaɗai ya rage mini na gidan aurena, shi da rabin buhun nan.

Ranar da aka buɗe siton, injiniyan da ya haɗa kayan ya tara 'yan kwamiti a ɗan ofishin da ke jikin ginin don ya yi musu bayani. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya. Ba wanda ya kira ni, ba kuma wanda ya kore ni, don mai shara kamar ƙyaure take, ba a lissafa ta cikin masu ji.

A jikin bango an kafa wani ɗan baƙin akwati, bai fi tafin hannu biyu ba, da ƙahonni biyu a tsaye da 'yan fitilu huɗu a jere. Injiniya ya ce sunansa rauta. Ya ce sandunan ƙarfen nan da aka soke tsakanin buhuna su ne masu jin zafi da danshi. Manyan fankokin da ke can sama jikin bango su ne masu fitar da mummunar iska. Amma sanda ba ta san fanka ba, fanka ba ta san sanda ba. Akwatin nan shi ne ɗan aike a tsakaninsu. Sanda ta ce masa ta ji zafi, shi ya je ya faɗa wa fanka ta tashi. Haka yake yi da famfon rijiya da fitilun waje. Sannan yana aika labarin duk abin da ke faruwa zuwa ofishinsu na birni.

Ya ɗora yatsa a kan fitila ta ƙarshe ya ce, "Wannan ta waje ce, ita ce ke magana da birni. In ta yi ja, sabis ne babu, kada ku damu." Ya ja yatsan kan sauran ukun. "Waɗannan na cikin gida ne. Muddin suna kore, gini yana aikinsa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a zare masa wuta. An gane?"

"An gane!" in ji kwamiti, baki ɗaya.

Na duba fuskokinsu. Daidai lokacin ake shigo da kulolin shinkafar biki ta ƙofar baya, kuma duk wani ido da ke ɗakin yana kan kulolin. Ni da ba a sa da ni a rabon shinkafa ba, yatsan injiniya nake kallo.

Watanni aka yi abin yana tafiya. Ina shara da safe, in rana ta ɗaga sai in ji fankokin sun tashi da kansu, wuuu, babu wanda ya taɓa su. In gari ya yi sanyi su tsaya. Da farko ina neman tsari duk sa'ad da suka tashi. Daga baya na saba, har nakan san azahar ta kusa da ƙararsu. Ban taɓa zama a aji ba, amma na raini yara goma sha ɗaya, nawa da na wasu, kuma na san mai aikin da ke yin aikinsa in ba a kallonsa. Akwatin nan yana yi. Ba zan iya faɗin haka a kan kowa a kwamitin ba.

Sai aka wayi gari babu sabis. Wasu suka ce hukuma ce ta yanke don kada mutanen daji su riƙa kiran juna. Wasu suka ce dogon ƙarfen da ke kan hanya aka lalata. Ko ma mene ne, daga Batsari har Safana waya ta zama dutse. Fitila ta huɗu ta yi ja. Injiniya kuwa, hanya ta yi munin da ko mahaifiyarsa ce a garin sai ya yi shawara kafin ya zo.

Kuna tsammani da sabis ya tafi maza za su ajiye wayoyinsu? Ba ku san maza ba. Waya ita ce tocila, ita ce rediyo, a ciki ake jin wa'azi, a ciki ake kallon damben da aka riga aka kalla sau ɗari aka san wanda zai faɗi. Wasu kuma kullum sai sun hau dutse sun ɗaga ta sama kamar masu roƙon ruwa, ko Allah zai sa ta kama. Duk wannan yana cin caji, wutar gari kuwa mun manta kamanninta. Wuri ɗaya ne wuta ba ta ɗaukewa a unguwar, ofishin sito, saboda sola da ke kan rufi.

Mijin banzana ya samo soket mai baki shida ya jona a bango. Cikin mako ɗaya ya zama babban mutum. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar sito, mai shayi ya matso da teburinsa. Mutanen da a da ba sa amsa masa sallama sosai suka fara ce masa Shugaba, suna miƙa masa waya da hannu biyu. Ba ya karɓar komai a wurin kowa, a yi masa adalci. Girman kawai yake ci, kuma ya yi ƙiba da shi.

Baki shida ne, akwati ya riƙe ɗaya. Masu jira kuwa sun fi ashirin.

Wata safiya a farkon bazara na shiga shara na ga akwatin ya yi duhu, wayarsa tana lilo, a gurbinta kuma an jona wata waya mai fasasshen gilashi. Na tsaya na saurara. Rana ta ɗaga, amma ginin shiru.

Na ce, "Kai, wa ya zare wannan?"

Ya ce, "Ni ne, matata. Ko kin fara kishi da shi ne?"

"Mayar da shi. Fankoki ba su tashi ba."

"Ke kuma yaushe kika zama injiniya? Abin nan da birni yake magana. Birni ta toshe kunne, kin ga jar wuta da idonki. Wata nawa yana zaune yana shan wutar jama'a a banza, kamar wata tsohuwa da na sani."

Mazan da ke bakin ƙofa suka fashe da dariya. Ni kuma, Allah ya yafe mini, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai in mai ci a banza ake zarewa, da tun kana goye aka zare ka." Aka sake fashewa, wani har yana dukan cinya. Na fita da tsintsiyata ina jin na ci nasara. Sai da na kai gida na tuna akwatin yana nan a zare.

Washegari na zo da wuri, ya buɗe mini ofis ya tafi shan shayi, na mayar da wayar akwatin da hannuna. Zuwa hantsi fankoki suka tashi. Na fito na nuna masa sama da tsintsiya. Ya ce ai dama sukan tashi in sun ga dama, iska ce ke kaɗa su. Kafin in kai kwanar gida na ji sun tsaya. Wani ya kawo waya, an sake zare akwatin.

Haka muka yi ta yi. Mabuɗin ofis yana aljihunsa, ni rabin awa nake da ita da safe. Na faɗa masa a gaban mutane, aka yi dariya. Na faɗa masa mu biyu a zaure, na ce wallahi da gaske nake, ya ce, "Ai ranar da kika ce kin zuba mini barkono a fura ma wallahi kika ce." Kuma gaskiyarsa, na ce. Na ɗaure fuska, ya ce yau amarya ta tashi da fushi, a sayo mata goro. Na je wurin matarsa, ta rufe baki tana dariya ta ce, "Ke Yaya, ku da ba ku gajiya, ni kada ku sa ni a ciki." Na tare wani dattijon kwamiti a hanya, tun kafin in gama ya ce, "Ke da mijinki, wa zai shiga tsakaninku?"

Shekara arba'in ina gina wannan ramin da bakina, yanzu ga ni a ciki. Duk garin babu wanda zai ji maganata a kan mutumin nan ya ɗauke ta magana.

Bazara ta kankama. Wanda ya san zafin Batsari a watannin nan, ya ƙara masa rufin kwano da bango huɗu babu taga. In na buɗe babbar ƙofa don shara, zafin da ke fitowa kamar an buɗe tanda. Gero yana iya jurewa a ci shi, amma iri rai ne da shi. Gyaɗa kuwa in ta sha zafi, manta yakan tashi, ta mutu a cikin ɓawonta, ka gan ta kyakkyawa ka shuka ta ta ruɓe a rami.

Ina da ƙawa 'yar Tsaskiya, ta can ƙasar Safana. Kakanninmu ɗaya ne a can baya, kafin nata gidan su bi coci namu su bi masallaci. Ita ma gudu ya kawo ta, ita ma buhun irinta yana siton. Ta zo a makare, sai aka ɗora nata a can sama, dab da kwano. Nawa yana tsakiyar tari. Wata rana ta biyo ni shara, ta taka buhuna ta hau, ta zura hannu ta bakin ɗinkin nata. Ta daɗe ba ta sauko ba. Da ta sauko ta buɗe mini tafin hannu, ta ɓare guda biyu ta ce, "Shinshina."

Warin tsohon mai ne.

Ta ce, "Ke da shugaban kuke gida ɗaya. Ki ce ya bar mu mu kwashe kayanmu."

Na je na ce masa. Ya zaro biro daga aljihu, ya nuna ni da shi ya ce, "Jama'a, wa ya kawo dokar cewa iri ba ya fita sai ruwa ya sauka, ko da mai shi yana birgima? To matata, bismillah, ga fili, fara birgimar mu gani."

Wannan karon ban rama ba. Ya ɗauka ya ci ni ne.

Kwana biyu ina juya abin. Na san hanya ɗaya da ta rage, kuma na san kuɗinta ba na aljihu ba ne. Na tuna uwar mijina tana zaune a tsakar gida tana tsince irin nan ɗaya bayan ɗaya, tana jefar da masu tabo, tana cewa in na bar shi ya ɓace kada in zo kusa da ita a lahira. Mace ce mai cika alkawari.

A rana ta uku da hantsi, lokacin da majalisar ta fi cika, na yi wanka na ɗaura zanen da nake zuwa gaisuwar mutuwa da shi, na yafa babban mayafi. Ban ɗauki tsintsiya ba. Tun daga nesa, wajen teburin mai shayi, na tuɓe takalmana na riƙe a hannu. Na tako a hankali har gaban tabarmarsa, na durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, na sunkuyar da kai.

Na ce, "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da hantsi."

Ya ƙyalƙyale. "Kai jama'a! Yau kuma da wace ta zo? Matata, in kuɗin cefane ne babu."

Ban ɗago ba. Na ce, "An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya mai ɗakinka da jiki? Yaya yara, manya da ƙanana? Yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ka riƙo, Allah ya ƙara girma."

Na bi gaisuwar nan tun daga kanta har wutsiyarta, irin wadda nake yi wa mahaifinsa a zaure ina amarya, ban tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Dariyar mutane ta fara raguwa tun ina tsakiya. Shi yana ta ƙoƙari. Ya ce, "To, to, an gani, tashi haka nan." Ya ce, "Ke, gwiwarki fa ba ta da lafiya." Muryarsa ta canja a ta biyun.

Akwai wani tsoho makaho-makaho da ke zama a ƙarshen tabarma, sa'an maigidana ne. Shi ya ce, "Kai yaro. Matar wanka ce durƙushe a gabanka, wadda ta yi maka wanka. Rufe bakinka ka amsa gaisuwa. Wannan ba wasa ta zo yi ba."

Na ga ƙafafun ƙanen mijina sun janye daga miƙewar da suka yi, ya tanƙwashe su. Ya ce, "Lafiya lau. Alhamdu lillahi." Da ƙyar ta fito.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Ranar da aka buɗe wurin nan, mai haɗa kayan ya ce fitila ɗaya ta birni ce, uku na cikin gida ne. Ta birni ce ta mutu. Ukun nan su ke tayar da fanka. Tun da aka zare akwatin fanka ba ta yi juyin kirki ba, yau wata biyu da kwanaki. Irin mutane yana dahuwa a ciki, har da na mahaifiyarka. Ina roƙon arziki a mayar da shi a bar shi. In na yi ƙarya, a karɓe tsintsiyar a ba wata."

Ya tashi ya shiga ofis, maza suka bi shi har bakin ƙofa. Ni ina nan durƙushe, amma ina hango shi. Ya tsaya a kan soket ɗin nan mai baki shida yana duba wayoyi, na limami, na ɗan mai unguwa, na wane da wane. Daga ƙarshe tasa ya zare. Ya jona akwatin.

Abin haushi da akwatin nan, ba ya farkawa da sauri. Fitila ɗaya ta kama, ta mutu, ta sake kamawa tana ƙyaftawa. Aka jira. Ta biyu ta kama. Aka jira. Wani daga baya ya ce, "To, ina fankar?" Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Gwiwoyina suna ci kamar an zuba garwashi, na ce a raina, ɗan banzan akwati, na zubar da shekara arba'in saboda kai, in ka kunyata ni yau da taɓarya zan bi ka.

Ta uku ta yi kore. Sai daga can sama, ɗaya bayan ɗaya, wuuu.

Iskar da ta fito ta bayan ginin ta kori masu zama a wajen. Zafi ne da warin mai da na ƙura, kamar ginin ya daɗe yana riƙe da numfashi. Fankokin nan ba su tsaya ba kwana uku. Mazan suka yi ta ɗaga kai suna cewa ikon Allah, ikon Allah. Biyu daga cikinsu ma suka ce dama su sun lura.

Na dafa ƙasa na tashi da kaina. Ƙanen mijina ya miƙo hannu zai taimaka, ya fasa.

Da ruwan shuka ya sauka aka buɗe sito. Buhunan da ke sama duk sun tafi, har da na ƙawata. Ta jiƙa ɗan kaɗan a tsumma kwana biyar, ko ɗaya bai tsaga ba. Nawa na jiƙa cikin hannu guda, kusan rabi suka fito da farin haƙori, sauran suka yi baƙi. Na raba abin da ke buhun biyu na ba ta kashi ɗaya. Ta ce ba za ta karɓa ba, na ce ba don Allah na ba ki ba, don in nawa ya ƙi, in san inda zan je in karɓo. Muka shuka a wata 'yar gona da aka ara mana a bakin gari, muna zuba uku-uku a rami maimakon ɗaya. Ta fito da giɓi kamar bakin tsohuwa. Amma ta fito.

Bayan kaka hanya ta ɗan lafa, sabis ya dawo, injiniya ya zo. Ya buɗe na'urarsa ya ga ginin ya yi wata biyu a kashe, ya riƙe kai. Aka ce masa ai matsala aka samu, amma Shugaba ya gano ta ya gyara. Ya ba Shugaba hannu, ya ce da kowane gari yana da irinsa da aikinsu ya yi sauƙi. Ya sa aka ƙera ɗan kejin ƙarfe aka rufe akwatin da soket ɗinsa, aka sa kwaɗo, don kada jahilai su taɓa. Ya miƙa mabuɗin ga Shugaba. Ina bakin ƙofa da tsintsiya. Ya ce mini, "Sannu Baba, a riƙa kula kada ƙura ta hau shi." Na ce to, ɗana, za a kula.

Ƙanen mijina bai karɓi yabon da baki ba, bai kuma mayar ba. Ƙasa yake kallo.

Tun daga ranar da na durƙusa masa bai ƙara ce mini matata ba. In mun haɗu yakan rage tsawo ya ce, "Yaya, ina kwana? An tashi lafiya? Yaya ƙafar?" Ya bi gaisuwa daki-daki, ya jira in sallame shi. Ba fushi yake ba, da fushi ne da na san maganinsa. Ko ciwo na yi shi ne farkon zuwa. Sau ɗaya na gwada, ranar suna a gidansu, ya fito cikin sabuwar riga, na ce, "Wa ya ara wa mijin banza riga?" Mata suka zuba ido suna jiran ramuwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗinka ta na yi, Yaya. Allah ya bar zumunci." Ya wuce.

Gyaɗar tana nan. Bana shekara ta uku ke nan ina tsince ta, ta koma buhu guda da ɗan kai, ƙawata ma tana da nata a can Tsaskiya tun da suka koma. Har yanzu a siton nake ajiyewa, a tsakiyar tari, kuma kowace safiya kafin in sa tsintsiya a ƙasa sai na leƙa kejin na ƙirga koren fitilu.

Da aka cire ta farko na soya mudu guda da gishiri, irin wadda yake sata a bayan idon uwarsa yana yaro, na aika masa. A ƙasan kwanon na sa tsakuwa uku, yadda na saba yi masa tun yana da haƙoran madara. Da yamma kwanon ya dawo a wanke. Tsakuwan suna ciki, an ɗaure su a ƙyalle mai tsabta, da saƙon cewa yana godiya ƙwarai, Allah ya saka da alheri, kuma ga wasu duwatsu da ya gani a ciki, ko Yaya tana da amfani da su.